Tsakanin Kunya da Ƙarya: Ɗalibin Jami'a da Neman Aiki ta Waya



A cikin mako guda samari biyu suka yi magana da ni, kuma har yanzu maganarsu ba ta bar raina ba.

Na farkon ya jira bayan sallar Isha'i har masallaci ya watse, sannan ya matso ya miƙo min wayarsa. Wani kamfani ne ya sa tallar ɗaukar ma'aikata a LinkedIn, da sharaɗi biyu: kada shekarun mai nema su wuce 27, kuma ya kasance yana da gogewar aiki ta shekara biyu. Shi kuwa shekararsa 29, yanzu yake rubuta jarabawarsa ta ƙarshe, bai taɓa zama a ofis ba. Ya ce: "Malam, abokaina duk sun je kotu sun yi takardar rantsuwa sun rage shekaru. Wani ma ya ce in rubuta cewa na yi aiki a kamfanin yayansa, in an buga waya za a shaida. Ni ban ga wanda zan cuta ba. Ya halatta?"

Na biyun ɗan aji huɗu ne, yana karanta injiniyancin lantarki. Shi ya gyara mana solar masallaci bayan mutum biyu sun gwada sun kasa. Ni na tare shi da maganar, na ce me zai hana ya riƙa ɗaukar hoton aikinsa yana sawa a shafinsa, ko wani ya gani ya neme shi? Sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Haba Malam, ai yabon kai jahilci ne. In fito in ce jama'a ga ni na iya kaza? Wannan ai bara ce da digiri. Abin da Allah Ya rubuta min zai same ni."

Ka ga ɗaya yana so ya faɗi abin da babu, ɗaya kuma ya ƙi faɗin abin da akwai. Da na zauna na yi tunani sai na ga tambaya ɗaya ce suke kewayawa: me mutum yake da damar faɗa game da kansa in yana neman abinci? Tsohuwar tambaya ce, wayar hannu ce kawai ta dawo da ita gabanmu kullum, domin neman aiki ta kafafen sada zumunta ba ya yiwuwa sai ka yi magana a kan kanka a gaban mutanen da ba su san ka ba.

Bari in fara da mai kunyar, don na fi jin tausayinsa, kuma na taɓa zama shi. Lokacin da na dawo gida da digirina na Larabci, na yi wata da watanni ina jiran a neme ni. Ina ganin kamar zubar da girman ilimi ne in ce wa wani na iya fassara, na iya koyar da nahawu. Sai wata rana mahaifiyata ta ce min, mai tuwon sayarwa ma ai sai ta fito da tukunya ƙofar gida. Maganar ta yi min ciwo, amma ita ce gaskiya.

Tarbiyyarmu ta Hausa ta koya mana kawaici, kuma abu ne mai kyau. Addini ma ya hana mutum ya riƙa tsarkake kansa, kamar yadda ya zo a Suratun Najmi, aya ta 32. Amma wannan hanin a kan da'awar tsoron Allah ne da ganin kai ya fi wasu. Bayanin abin da ka iya wani babi ne daban. Dubi Annabi Yusuf, alaihis salam. Da ya tsaya gaban sarkin Masar, shi da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar, kuma ya faɗi dalili: zai tsare, kuma ya san aikin. Yana nan a aya ta 55 ta surarsa. Imam Ƙurɗubi a tafsirinsa ya ciro daga nan cewa ya halatta mutum ya siffanta kansa da ilimin da yake da shi in buƙata ta kawo hakan.

Lura da abin da ya faɗa: abu biyu kawai, kuma duka sun shafi aikin. Bai kawo maganar kyansa ba, bai lissafo kakanninsa ba, alhali jikan annabawa ne. Wallahi duk mai rubuta takardar CV ya kamata ya tsaya a wannan wurin ya yi nazari.

Na san wani ɗalibin ilimi zai ce: to Malam, ina hadisin Abdurrahman ɗan Samura da aka hana shi neman shugabanci? Ina na Abu Zarri, da ya nemi a ba shi muƙami Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya nuna masa cewa yana da rauni kuma abin amana ne? Tambaya ce mai kyau. Waɗannan hadisai a kan mulki da iko bisa mutane suke, inda kwaɗayin kujera kansa alama ce ta haɗari. Neman aikin da za ka yi da hannunka ko da kanka a biya ka lada kuwa, wannan ijara ce, ciniki ne tsakanin mai aiki da mai ɗauka. Kuma ko a hadisin Abu Zarri, dalilin da aka ba shi shi ne ba zai iya ɗauka ba. Darasin da ke ciki ga mai neman aiki shi ne kada ya nemi abin da ya san ya fi ƙarfinsa.

Maganar bara kuma, akwai bambanci fa. Mai bara yana cewa ba ni don Allah. Mai neman aiki yana cewa ga abin da zan yi maka, ka biya ni. Abdurrahman ɗan Aufu ya shiga Madina ba shi da komai. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Bai zauna a masallaci yana jiran kasuwa ta zo ta same shi ba. To yau wani babban ɓangare na kasuwar aiki ya koma cikin waya. LinkedIn tun 2003 aka buɗe shi. Jobberman, ɗalibai uku ne na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife suka kafa shi a 2009, suna ɗalibai kamar ku. Ga zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ga Facebook inda tela da mai walda da mai zanen gida suke samun masu ba su aiki. Wanda ya ce ya dogara ga Allah amma ya ƙi taka ƙafa zuwa inda ake cinikin, ya sake duba tawakkalinsa. Rashin tayi kan sa a bar arha.

Abin mamaki, da yawa daga masu wannan kunyar ba sa jin kunyar sa hotonsu na ranar Sallah da sabuwar shadda, ba sa jin kunyar kwana suna musun ƙwallo ko siyasa. Sai an zo maganar nuna abin da suka iya kunya take tashi. Wani lokacin fa tsoro ne yake sa rigar kunya: tsoron kada a ce wane ya gama jami'a yana neman aiki, tsoron kada ka nema a ƙi ka abokai su gani. In haka ne, mu kira abin da sunansa, sai ya fi sauƙin magani.

Akwai kaso na uku da ban ambata ba, kuma ina jin sun fi yawa a jami'o'inmu. Su ne masu cewa: "Duk ɓata data ne, aiki a ƙasar nan sai kana da uwa a gindin murhu." Ba zan ce ƙarya suke yi ba. Duk mun ga an ba ɗan wane gurbin da bai cancanta ba. Amma a cikin maganar "wa ka sani" akwai abin da ba mu cika lura da shi ba. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya bincika yadda mutane suke samun aiki, ya fitar da sakamakonsa a 1973. Ya gano cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, mafi yawa ba ta hannun aminansu na kusa suka samu ba, ta hannun wanda suka sani sama-sama ne. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka ji shi ya ji, inda kake zama nan yake zama. Wanda kuke gaisawa jefi-jefi shi ne yake shiga wuraren da ba ka shiga, shi yake jin labarin da ba ya zuwa majalisarku. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan masu amfani da LinkedIn kimanin miliyan 20 cikin shekara biyar, shi ma ya ƙarfafa wannan magana.

Ma'ana, "sani" bai tsaya ga kawu sanata ba. Wanda ya riga ka gama sashenku da shekara uku, malamin da ya duba aikinka na ƙarshe, mutumin da ya ga amsa mai hankali da ka ba wani a ƙarƙashin wani rubutu, duk sani ne. Kuma irin wannan sanin ɗan talaka ma yana iya gina shi da wayar da ke hannunsa.

Ku tuna Annabi Musa, alaihis salam, a Madyana, cikin Suratul Ƙasas. Baƙo ne, ba dangi, ba guzuri. Ya ga mata biyu sun ja gefe da dabbobinsu saboda cunkoson makiyaya, ya shayar musu, ya koma inuwa ya roƙi Ubangijinsa. Ɗaya daga cikinsu ce ta ce wa mahaifinsu ya ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da ƙarfinsa da amanarsa. Wacce ta yi masa hanya ba 'yar uwarsa ba ce, aikinsa ta gani da halinsa. A kan waɗannan siffofi biyu, ƙarfi da amana, Ibnu Taimiyya ya gina maganarsa game da wanda ya dace a ba aiki a littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya. Don haka yi wa wanda ya cancanta hanya ceto ne mai kyau, akwai lada. Wanda ake zargi shi ne ture mai haƙƙi don a zaunar da na gida.

Yanzu mu dawo kan saurayin farko, don tasa ce ta fi nauyi.

Kafin in ba shi amsa sai da na yarda da shi a kan abu ɗaya: an zalunce shi. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 suka sake yin na wata takwas. Kafin nan ya yi shekara biyu yana rubuta JAMB bai samu gurbi ba. Bai ɓata ko shekara ɗaya da wasa ba. Sai ga shi ana ce masa ya tsufa, kuma ana neman gogewa daga wanda ba a taɓa ba dama ya goge ba. Wanda bai ji zafin wannan ba kada ya yi saurin yi masa wa'azi.

Duk da haka na ce masa bai halatta ba, kuma na ba shi dalilai uku.

Na ɗaya, takardar rage shekaru rantsuwa ce. Mutum ne zai tsaya da gangan ya rantse a kan abin da ya san ƙarya ne don ya samu abin duniya. Malamai suna kiran irin wannan yaminul gamus, rantsuwar da take dulmiya mai ita, kuma tana cikin manyan zunubai. Cewa kowa yana yi bai rage mata nauyi ko kaɗan ba.

Na biyu, ya ce bai ga wanda zai cuta ba. Na ce masa akwai, ba ka dai gan shi ba ne, don waya ba ta nuna maka fuskar wanda kuke layi tare. Akwai wani can da ya rubuta gaskiyarsa, ko wanda da gaske ya yi shekara biyun yana wahala a wani ƙaramin ofis. Gurbin nan ɗaya ne. In ka shiga da ƙarya, wani ka fitar. Sannan ga mai kamfanin, wanda zai ɗora maka aiki yana zaton ka taɓa yi. Ku tuna mai sayar da hatsin nan da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tsibinsa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kira hakan ha'inci. CV ɗin da aka yi wa kwalliyar ƙarya tsibin hatsin nan ne. A wani hadisin kuma da Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito, an kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya.

Na uku, wannan ƙaryar ba ta kwana ɗaya ba ce. Za ta bi ka zuwa banki, zuwa katin ɗan ƙasa, zuwa fasfo, zuwa takardun fansho. A aikin gwamnati ana ritaya ne a shekara 60 ko bayan shekara 35 ana aiki, to wanda ya rage shekara uku zai zauna kan kujerar da ya kamata ya bar wa na baya, yana karɓar albashin shekarun da ba nasa ba. Wata rana ɗanka zai tambaye ka shekarar haihuwarka, sai ka tsaya tunanin wacce za ka faɗa. A zamanin nan kuma ramin ƙarya ya ƙara ƙurewa: hotunanka na makarantar sakandare suna nan a Facebook da kwanan wata, abokan ajinku suna nan suna taya ka murnar zagayowar shekara.

Amma ban so in bar shi da "haramun" kawai in tashi ba. Na ce zauna, faɗa min abin da ka yi a shekara biyar ɗin nan. Ashe duk lokacin yajin aiki shi yake riƙe wa kawunsa littafin shago a kasuwa, ya san shige da ficen kaya da bashi. Ashe ya yi wata shida na koyon aiki da jami'a take turawa. Ashe shekara uku yana koyar da lissafi a wata makarantar yamma, kuma shi ne ma'ajin ƙungiyar ɗaliban garinsu, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Na ce to wannan duk mene ne in ba gogewa ba? Kana da gaskiyar da ta isa a rubuta, ka raina ta kana neman aron ƙaryar wani. Rubuta ta yadda take. Ka nemi aikin da shekarunka na gaskiya, ka faɗa musu a saƙonka cewa ka wuce iyakar da suka sa amma ga abin da ka iya. Wataƙila su ƙi, wataƙila su duba. In sun ƙi, akwai wuraren da ba su sa wannan sharaɗin ba.

Sai abu biyu a taƙaice ga duk ɗalibin da yake karanta wannan.

Na farko, shafinka ya riga ya zama CV ɗinka, ko ka so ko ka ƙi. Ni da nake limamin unguwa ma, in an kawo min mai neman koyarwa a Islamiyyarmu nakan leƙa shafinsa. To ina ga kamfani? Ba ina cewa ka yi ta shafe-shafe don ka yaudari mai ɗauka ba, wannan ma wata ƙaryar ce. Ina cewa ashar ɗin da ka yi wa wani saboda siyasa, da ƙazafin da ka yaɗa, ka goge su saboda Allah, ka nemi afuwar wanda ka taɓa, sannan ka daina. In hali ya gyaru, shafi zai gyaru da kansa.

Na biyu, ku ji tsoron Allah a kan tura tallar aikin da ba ku tabbatar ba. A watan Maris na 2014 mutane sama da dubu ɗari biyar suka nemi guraben da ba su kai dubu biyar ba a hukumar shige da fice, aka yi turmutsutsu a filayen jarabawa, fiye da mutum goma suka rasu. Wannan ya nuna maka girman yunwar aikin da ake ciki, kuma da wannan yunwar 'yan damfara suke kiwo. Sukan buɗe shafi da tambarin wata hukuma, su ce a biya kuɗin fom ko a turo lambar BVN. Kai kuma da kyakkyawar niyya ka tura zaure goma, ka rubuta "a taimaka a yaɗa". In wata marainiya ta biya kuɗin da ta ranto saboda ta ga daga hannunka saƙon ya fito, kana da kaso a hawayenta. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Ka duba shafin hukumar na ainihi tukuna. Duk wanda ya ce ka biya kafin a ba ka aiki, ko ya ce wa 'yar uwa ta zo intabiyu ita kaɗai a ɗakin otal, a guje shi, a kuma faɗakar da wasu.

Za ku so ku ji yadda aka ƙare da samarin nan. Mai solar ya sa hotuna uku na aikinsa, ya rubuta layi biyu a ƙasa, da kyar, kamar ana cire masa haƙori. Ɗayan kuma ya nemi aikin da shekarunsa na gaskiya, har yau ba su kira shi ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce gaskiya tana biya a ƙarshen kowane wata ba. Yana iya ganin abokinsa da ya rage shekaru ya sayi mota shi yana hawa Keke Napep, kuma zai ji ciwo. Abin da na iya ce masa kawai shi ne, rai ba zai bar duniya ba sai ya cika arzikinsa, kamar yadda ya tabbata a hadisi, don haka abin da ya rage a hannunsa shi ne ta wace ƙofa arzikin zai shigo. Jiya bayan Asuba ya ce min ya tura wasu wurare huɗu.

Ku sa shi a addu'a, shi da duk masu nema. Masu hali a cikinku kuma, in kun san wani gurbi na gaskiya, ku tuna da yaran unguwarku da suka iya aiki amma ba su da kowa.

Allah Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal, Ya wadatar da su da ita, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga ƙarya. Wallahu a'alam.